Ranar da Na Shanya Kilishi a Laurel

Wata takwas na yi a gidan surukina a Laurel, can ƙasar Turawa, ban tsinana wa kowa komai ba. In tashi in yi salla, in sha shayi, in zauna bakin taga ina kallon motocin mutane, in ci tuwo, in kwanta. Ni da na shekara arba'in da ɗoriya ina kilishi a bakin tashar Maraɗi, sai ga ni na zama tsohon turmi da aka jingine bayan ɗaki, ba a daka da shi, ba a kuma faskara shi saboda na gado ne.

Matata ba ta san irin wannan zaman ba. Tun ranar da muka sauka ta kama kicin, ta kama jikoki, da ɗiyarmu ta fari ta haihu kuwa sai ta kama ruwan wankan jego, har ba ta da lokacin yi mini faɗa yadda ta saba. Ni ne dai baki ba hannu. Kowa kuma ya san nauyin mutum ya zauna a inuwar mijin ɗiyarsa. Mutumin kirki ne, Badamagare, direban babbar motar wani sito, ba ya haɗa ido da ni, kullum sai ya durƙusa ya gaishe ni. Ladabin nan nasa shi ya fi ƙona ni. Da yana da ɗan rashin kunya, da na samu abin riƙewa.

Shi ya sa da aka zauna shirin suna, ana maganar shinkafa da raguna, na buɗe baki na ce ni zan yi kilishi. Na faɗa ne don a tuna ina ɗakin. Sai surukina ya ɗauki maganar da gaske. Ya tafi wata gona can nesa inda ake yi wa Musulmi yanka, ya dawo da cinyar sa biyu. Ya sayo ragar waya irin ta akurkin kaji ya buga ta a katako, gado huɗu, tun da karan dawa ba a samunsa a nan. Abin da ya fi wannan, ya bi mutanenmu na garuruwan Silver Spring da Gaithersburg da waya, ya ce su zo ranar Asabar, Baba zai yi kilishi da hannunsa, na rana, irin na gida. Daga nan ba ni da ƙofar fita.

Ranar Laraba na yanka naman falle-falle, siriri har kana hango yatsanka ta bayansa, na shanya a ɗan filin bayan gida, ya bushe yadda nake so. Alhamis ita ce ranar labu. Ga wanda bai sani ba, labu shi ne kwaɓin tunkuza da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa, ana tsoma busasshen naman a ciki a sake shanyawa. Shanya ta biyun nan ita ce mai hatsari. Ruwa ya taɓa nama tsirara, ka goge ka ci gaba. Ya taɓa mai labu, sai ya wanke shi ya bar ka da caɓi. Tunkuzar kuma wata mata ce ta zo da ita daga gida a jakarta, kaf na juye ta a kwaɓin, ba saura.

Alhamis ɗin ta waye da sanyi mai shiga haƙori. Lokacin kaka ne a nan, kakar da ba a girbe komai sai ganye. Itatuwa sun yi ja, wasu sun yi ruwan ɗorawa, suna ta zubarwa, iska tana kwasa tana tara wa mutane a ƙofa. Na saka riga uku, na ɗora jibgegiyar rigar sanyin surukina a sama, hannunta ya wuce yatsuna, na naɗe. Na gama jera gado na huɗu ke nan ya fito da shirin aiki, ya durƙusa.

"Baba, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ya maijego?"

"Da sauƙi. Baba, dama... meteyo ce, masu duban yanayi, ta ce wai za a yi ruwa wajen ƙarfe biyu." Ya ɗan ɗago wayarsa, idonsa a ƙasa. "Na ce ko mu shigar da shi ɗakin ƙasa, a kunna masa fanka."

Karatuna na lakwal aji biyu ne, shi ma rabinsa a kan mangwaron bayan makaranta na yi shi. Amma karatun sama na yi shi har na sauke, domin mai kilishin da bai iya duba sama ba, damina ɗaya ke mai da shi ɗan dako. Ubana ya koya mini tun ina riƙe masa wuƙa. Ya ce muddin iska na zuwa daga yamma, bar namanka ka tafi harkarka, ko da gizagizai sun cika sama, 'yan wucewa ne. Sai in ta tsaya cik, gari ya yi luf, zufa ta karyo maka, gabas ta haɗa rai, to kwashe, hadari na tafe. Shekara arba'in ban taɓa ganin maganar nan ta faɗi ƙasa ba. Ruwa daga gabas yake zuwa, wannan ko jaririn da za a raɗa wa suna ya sani.

Na miƙe na dubi gabas. Tas take, shuɗiya kamar an wanke ta, ko ƙyallen girgije babu. Na jiƙa yatsa na ɗaga, ba don ina bukata ba, don dai ya ga ana aiki. Iska daga yamma, ba ko shakka.

Na ce, "Wayar nan taka ta taɓa shanya nama?"

"A'a, Baba."

"To ka ce mata ta bar wa masu abu abinsu. Kilishin fanka ai ba kilishi ba ne, wanki ne. Tafi aikinka."

"To, Baba." Ya tashi ya tafi.

Matata tana bakin ƙofar kicin da buta a hannu, ta ji komai. Ta ce, "Malam, da ka bi ta yaron nan." Malam take ce mini, ba don na san baƙi ba, sai don ba ta da wani abin da za ta kira ni. Na ce mata ta kula da ruwan zafinta in kula da samata.

Gidan irin masu jere ne, bango a jikin bango, hawa uku, fuskarsa yamma, bayansa gabas. Na ɗauko kujera na jingina da bangon baya inda iska ba ta samuna sosai, na sa gabas a gaba, na zauna gadi. Abin da ya fara ba ni mamaki, ba ƙuda. Ko ɗaya. A gida da yanzu ina fama da mafici, a nan sanyi ya kashe su duka. Maƙiyana uku ne kawai: hankaka biyu a kan wayar lantarki, wani kurege mai ƙatuwar jela da yake zuwa kan katanga ya tsaya da ƙafa biyu yana kallona kamar ya san ni, sai kuma ganye. Ganyen shi ya fi wahalar da ni. Iska ta kaɗa, sai ka ga sun taso ja da rawaya sun manne a jikin labu, in tashi in bi su ɗaya-ɗaya ina ɓantarewa da farce.

Tsakanin haka ina kallon sama, don na daɗe ban kalle ta da dalili ba. Wajen hantsi wasu gizagizai suka fara ketowa ta saman rufin gidan daga bayana, sirara, can ƙololuwa, kamar audugar da aka shiɓe aka ja ta. Bayansu wasu suka biyo ɗigo-ɗigo a jere kamar bayan zabo. Duk gabas suka nufa. Na ce a raina, ku je ku ɗebo, in kun dawo ma yi magana. Wasu tsuntsaye manya masu dogon wuya suka wuce a layi biyu da suka haɗu a goshi, suna kuka kamar ƙofar da ba ta da mai. Jirgin sama ya sauko yana neman Baltimore, na ga iska tana girgiza shi, na gode wa Allah da nake kan kujera.

Ranar ƙasar nan a wannan lokaci ita ma abin kallo ce. Ba ta hawa tsakiyar ka. Ta kudu take raɓewa kamar mai jin kunyar shiga taro, inuwarka da tsakar rana ta fi ka tsawo, ba ka isa ka gane azahar da ita ba. Hasken akwai, zafin babu. Amma iskar busasshiya ce, ita take aikin. Da na taɓa gadon farko wajen sha biyu, labun ya fara kamawa, ya daina bin yatsa. Na ji wani daɗi da na manta irinsa. Har na fara shirya abin da zan ce ranar Asabar in an yaba, wato in ce ai ba komai, hannu ya tsufa.

Bayan na yi azahar a nan tsakar filin, gizagizan suka canja. Suka yi ƙasa-ƙasa, suka yi kauri, cikinsu toka-toka, gefensu fari, suna gudu kamar tumakin da aka koro daga gona. Rana ta ɓace ta fito, ta ɓace ta fito, inuwa tana wucewa kan ciyawa da sauri. Iska ta ƙara ƙarfi har na ɗora bulo a kan ƙafafun gadajen. Amma daga yamma take, ba ta tsaya ba, gari bai yi luf ba, zufa kuwa ina za ta fito. Gabas can ƙasa har yanzu da sauran shuɗi. Na gyara zama.

A nan ne abokina ya iso. Bazabarme ne, tsohon direban tasi, ya fi shekara ashirin a ƙasar nan, a masallaci muka haɗu. Ni Bagobiri, shi Bazabarme, ka san ba sai an gabatar da mu ba, ranar farko ya ce bawansa ne ni, na ce ubansa ma ni na saye shi. Shi zai ba ni aron murhun gawayi na gashin ƙarshe. Ya ratso ta cikin gida yana jan murhun, ko sallama bai gama ba.

"Kai Bagobiri! Zaune kake?"

"A tsaye kake so ka gan ni, ina ubangidanka?"

"Bar wasa. Kwashe naman nan, ruwa ya iso."

Na nuna masa gabas da haɓa. "Ina yake? Ko zogalen da kuke ci ya rufe maka ido?"

Ya dubi inda na nuna, ya dube ni, ya sake duban can. Sai ya dafe murhu ya fashe da dariya har da tari. "La ilaha illallahu! Tun safe nan kake kallo? Kazar da ta tone maka fuska ta bar maka zanen nan ashe har ƙwaƙwalwa ta taɓa. Nan ba Tibirinku ba ne! Wannan da kake kallo ruwan da ya wuce ne, na mutanen bakin teku. Naka yana bayanka."

"Ruwa ta yamma? A wace ƙasar?"

"A wadda kake cin tuwonta. Tashi ka leƙa ƙofar gida."

Gaskiya ban tashi nan take ba. Na tsaya na kawo masa maganar ubana, na ce iska ba ta tsaya ba, gari bai yi luf ba. Ya ce ubana Allah ya jiƙansa bai taɓa tuƙa tasi a kan hanyar Frederick ta can yamma ba. Minti biyar ɗin da na ɓata ina kare ubana, su ne na fi jin haushinsu har yau. Da na ga ya daina dariya ya fara naɗe hannun riga, sai na ratsa kicin da falo na buɗe ƙofar gaba.

Yamma baƙi ƙirin take tun daga ƙasa har rabin sama. Hadari ne sosai, irin wanda na sani, da farin baki a gabansa da labulen ruwa yana ja a ƙarƙashinsa, ya riga ya shafe dogayen itatuwan ƙarshen layinmu. Duk abin da ubana ya kwatanta yana nan, sai dai a bangon da ban duba ba. Tun safe yake haɗuwa, gida hawa uku ya tsaya tsakanina da shi, ni kuma na ba shi baya na harɗe ƙafa.

Ban san ina da sauran gudu ba sai ranar. Muka kama gadon farko, shi gaba ni baya, tsofaffi biyu, gwiwa huɗu ba ta kirki ko ɗaya. A ƙofar kicin gadon ya ƙi shiga sai da muka karkata shi. Yana ihu, "Ɗaga naka, bawan banza!" ina ce masa, "Ja, ɗan dako, ai gadonka ne!" Matata ta ture tebur ta ba mu wuri. Muka shigar da na biyu, ɗigon farko yana sauka a ƙeyata. Muna fitowa ɗaukar na uku ruwan ya sauko gaba ɗaya, a karkace, haɗe da ƙanƙara ƙanana kamar gero. Ina riƙe da gadon ina ganin labuna yana narkewa yana bin katako yana ɗiga ja a kan takalmina. Na huɗun ba mu kai gare shi ba. Iska ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi da bulon da komai, ta kifa shi a kan jiƙaƙƙen ganye.

Ruwan bai kai rabin awa ba. Ya wuce ta kanmu ya nufi gabas, a lokacin ne gabas ɗin ta yi baƙin da na wuni ina jira. Rana ta leƙo ta ƙarƙashin gizagizai, komai ya yi walwal, iska ta dawo da sanyin da ya fi na safe. Na fita na tsince naman gado na huɗu a cikin ciyawa, ɗaya-ɗaya, ina zubawa a roba. Matata ta karɓa ta ce za ta wanke ta dafa ta daka dambu, ba za a zubar da naman mutane ba. Na uku kuwa rabin labunsa ya tafi, wanda ya rage ya yi laushi. Ɗiyata ta aiko daga sama cewa a jera shi a tandun kicin, a sa wuta kaɗan, a bar ƙofar a buɗe. Na yi yadda ta ce ban yi musu ba, musuna na ranar ya ƙare. Abin da ya fito ana iya ci, amma ba zan sa sunana a kansa ba.

Saura gado biyu. Na taɓa su, sun bushe, iskar nan ta gama aikinta kafin ta ci amanata. Muka hura gawayi a jikin bango, na gasa su sama-sama, Bazabarme yana fifita yana ba ni labarin yadda zai faɗa wa masallaci gaba ɗaya. Na ce in ya faɗa ba zai ɗanɗana ba. Ya ce zai ɗanɗana kuma zai faɗa. Duka biyun ya yi. Ƙamshin ya tashi, mai ya fito a jikin naman yana ƙyalli, launinsa ya koma na garwashi. Wannan kam kilishi ne. Sai dai rabin abin da aka yi wa mutane alkawari, kuma ba tunkuza, ba nama, ba kwana biyun da za a sake.

Surukina ya dawo gab da magariba, don yanzu rana ba ta daɗewa. Na so in bar wa matata ta gaya masa, na ga in na yi haka na ƙara wa kaina wani zaman wata takwas. Na same shi a kicin, bai ko cire rigar aiki ba, yana tsaye gaban farantan da na jera. Ya durƙusa zai gaishe ni, na ce ya tashi.

Na ce, "Ka faɗa mini da safe, ban ji ba. Gabas na duba. Rabin namanka ya lalace a hannuna, cinya guda ke nan. Mutanen da ka kira, ka ce musu laifin tsoho ne."

"Ba komai, Baba."

Na san zai ce haka. Da gidan na ƙona ma haka zai ce, shi ya sa maganar ba ta sauke mini komai ba. Na tsaya, shi ma ya tsaya, ba wanda ya san inda zai sa idonsa. Shi nasa ya sauka a kan faranti. Mutum ne da ya wuni a mota tun safe, ga abu da ɗuminsa a gabansa. Ina gani hannunsa ya tafi da kansa, ya ɓallo gefe guda ya kai baki. Ya tauna sau biyu, sau uku, ya lumshe ido. Sai ya tuna a gaban wa yake. Tunda ya auri ɗiyata ban taɓa ganin ko ruwa ya sha a gabana ba. Ya rasa yadda zai yi, haɗiyewa ba dama, tofarwa ba dama, sai ya juya ya fuskanci firigon sanyaya abinci ya ci gaba da tauna.

Daga can, bayansa gare ni, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Baba... wannan duka na baƙi ne?"

Na ce, "Na mai gida ne. Abin da ya rage shi ne na baƙi."

Na ɗauki butata na fita alwala, na ja masa ƙofar kicin. Na daɗe a wajen fiye da yadda alwala take bukata, ga sanyi, ina tsaye ina rawar ɗari. Da na dawo ya hau sama wurin maijego, faranti ɗaya kuma ya ragu sosai. Ranar Asabar falle ɗai-ɗai baƙi suka samu, wasu ma rabi.